Ɗan Sumoga da Ƴar Mai Gari: Abin da Labaran Soyayyar Teku Ba Su Faɗa Mana

Ta yaya mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka wayi gari suna raba dare a kan labarin matuƙin jirgin ruwa? Kuma wa ke da gaskiya, iyayen da ke cewa irin waɗannan labarai suna koya wa yara ganin girman mai karya doka, ko yaran da ke cewa darasin kawai shi ne so ba ruwansa da asali?

Gardamar ta kwana biyu tana yawo a Maraɗi, daga fadar samari zuwa gidan biki, tun da labaran soyayya na sauraro da finafinan da aka juya zuwa Hausa suka cika wayoyi. Akwai wani nau'i da ya fi kama zukata, kuma zubinsa kusan ɗaya ne kullum. Ana bakin tekun Ingila, shekaru ɗari biyu da ɗoriya da suka wuce. Ga saurayi ɗan masunta, ba shi da komai sai jirgi da ƙarfin hali, yana shigo da ganyen shayi da taba da barasa daga Faransa cikin dare. Ga ƴar mai gari, ubanta shi ne alƙalin yankin, an kuma riga an yi mata baiko da hafsan da aka turo kama ƴan sumoga. Sauran kun sani.

Ƴar ƙanwata da ke zaune wurina a unguwar Zariya tana cikin waɗanda abin ya kama. Ran nan na tarar da ita tana tsinkar zogale, waya a cinya, hawaye shaɓe-shaɓe. Na ce lafiya? Ta ce, "Kawu, an harbe shi a kafaɗa, ita kuma ba ta ma sani ba." Na ce to ai ɓarawon gwamnati ne. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kawu, man da ka shekara goma kana zuba wa babur ɗinka fa, a gidan mai kake saye?" Na ja bakina na yi shiru, don a kwalba na saba saye, bakin titi.

Mene ne fasa-ƙwauri tukuna?

Labaran sukan cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Ɗan fashin teku yana tare jirgin wani ne ya ƙwace kaya, wani lokaci har da rai. Ɗan fasa-ƙwauri, ko ɗan sumoga, da kuɗinsa yake sayen kaya inda suke da araha, ya ƙetara da su inda suke da tsada ba tare da ya bi ta gaban duwan ba. Laifinsa shi ne ya hana baitulmali haƙƙinsa, ko kuma ya shigo da abin da doka ta ce kada ya shigo sam. Shi ya sa mutanen gari ba su cika kallonsa da idon ɓarawo ba, tunda ba akuyar kowa ya kwance ba, araha ma ya kawo musu.

Sana'ar ba ta tsayuwa sai da iyaka, da bambancin farashi tsakanin ɓangarorinta biyu, da mai saye da ke jira. Na tsakiyan nan shi ne uwa uba, kuma kusan kullum gwamnati ce ke haifar da shi da hannunta, ta hanyar haraji ko hani ko tallafi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shayin da ya sa aka yi ta rataye mutane

A ƙarni na 18 Ingila ba ta gama wani yaƙi da Faransa sai ta faɗa wani, kuɗin yaƙin kuwa daga harajin kayan masarufi ake tatso su. Kamfani guda, East India Company, shi kaɗai ke da izinin shigo da ganyen shayi daga Sin, kuma kafin 1784 harajin ganyen ya kai kashi 119 cikin ɗari. A lissafinmu, shayin jika guda sai ka ɗora wa gwamnati jika da ɗoriya kafin ka kai shi baki. Can ƙetaren ruwa kuwa, ƴan kasuwar Holan da Faransa da Suwidin suna sauke irin ganyen nan ba wannan nauyi. Masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa a wasu shekarun fiye da rabin shayin da ake sha a Ingila ta bayan fage ya shigo. Har limamin coci da alƙalin gari suna sha, wasu ma suna ba da wurin ɓoyo.

Yadda ake aikin bai yi kama da na cikin labari ba. Marubuta suna son farin wata don masoya su ga juna, ɗan sumoga kuwa ba abin da ya tsana kamarsa, duhun wata yake jira. Jirgi zai tsaya nesa da gaɓa, a ba shi alama da fitila, ƙananan kwale-kwale su yi ta jigila. A bakin ruwa ƴan dako na jira, kowa ya rataya ƙananan ganguna biyu na barasa da igiya, ɗaya a ƙirji ɗaya a gadon baya, ya haura tudu ya yi tafiyar mil da yawa kafin asuba. Gefe da gefe ga wasu ƙarti da gora suna gadi. Yawancinsu ƴan ƙwadagon gona ne, waɗanda ladan dare guda kan kai ko ya fi na aikin mako. Duk wanda ya taɓa ganin yaro a hanyar Ɗan Isa da jarkoki shida ɗaure a babur, ya zauna a kan tanki don ba sauran wurin zama, ya ga wannan hoto da idonsa.

To ina mai kayan? Ba ya bakin ruwa. Yana Landan ko wani babban gari, ya zuba jari, yana barci a gadonsa. Wanda ake kamawa ɗan dako ne da matuƙi.

Ba kuma mutanen kirki ba ne duka. Ƙungiyar Hawkhurst, wadda ta addabi yankunan Kent da Sussex daga wajen 1735, ta fasa gidan duwan na garin Poole a watan Oktoba na 1747 ta kwashe shayin da aka ƙwace mata. A hanyar komawa ɗaya daga cikinsu ya hangi wani baduku mai suna Daniel Chater, wanda suka taɓa aikin girbi tare, ya jefa masa ƙunshin shayi don zumunci. Magana ta yi yawo, hukuma ta nemi badukun ya ba da shaida. A watan Fabrairu na 1748 suka tare shi tare da wani tsohon ma'aikacin duwan, William Galley, a wani masauki. Suka yi ta dukansu da bulala a kan doki har Galley ya daina motsi suka turbuɗe shi, Chater kuma suka jefa shi rijiya suka bi shi da duwatsu. A 1749 aka rataye da dama daga cikinsu. Wannan kashi na tarihin ba a cika sa masa kiɗan soyayya ba.

Rataya dai ba ta kashe sana'ar ba. Abin da ya karya sumogar shayi lissafi ne. A 1784 firaminista William Pitt ƙarami ya sauke harajin daga kashi 119 zuwa 12 da rabi, ya maye giɓin da ƙarin haraji a kan tagogin gidaje. Nan da nan ribar ta gudu, ƴan sumoga suka koma kan barasa da taba. Abin dariya, Adam Smith, masanin tattalin arzikin nan da ya rubuta a 1776 cewa ɗan sumoga kan iya zama mutumin kirki in ba don doka ta mayar da abin da ba laifi ba ya zama laifi ba, shi aka naɗa kwamishinan duwan a Sikotilan a 1778.

Maraɗi ma bakin teku ce, ruwa ne kawai babu

Ina ganin a nan sirrin yake, dalilin da ya sa labarin baƙi ya zauna mana daram. Tekunmu ita ce iyakar Nijar da Najeriya mai tsawon kusan kilomita 1,500 da ke kudu da mu, wadda Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Kada a ce kafin nan zaman lafiya ake tsakanin nan da Katsina, domin Maraɗi kanta sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa ta, an kuma daɗe ana kai wa juna hari. Amma Turawa ne suka kawo kuɗi iri biyu da haraji iri biyu a tsakanin mutane masu harshe ɗaya da dangi ɗaya. Tun zamanin gyaɗa, buhu yakan bi inda farashi ya fi, wata shekara ya gangara Kano, wata shekara ya hauro.

Da farin shekarun 1973 da 1974 ya durƙusar da gyaɗa, sai wata ƙofa ta buɗe. Najeriya ta samu kuɗin man fetur, ta kuma hana ko ta tsawwala haraji a kan kaya irin su taba sigari da yadi don kare masana'antunta. Sai kaya su sauka a Kwatano, su biyo ta Gaya da Dosso da Ƙonni, su kwana a rumbunan Maraɗi, an biya wa Nijar kuɗin wucewa da takarda da hatimi. Da sun ƙetara Jibiya kuwa sunansu ya canja. Kaya ɗaya, mota ɗaya, a nan halastaccen ciniki, a can sumoga. Haka Faransa ta yi wa Ingila: ƴan sumogar Ingila baƙi ne na alheri a tasoshinta, har Napoleon, wanda ya ƙaƙaba wa Ingila takunkumin ciniki a 1806, ya ware musu masauki a Dunkirk daga 1810, daga baya a Gravelines, saboda zinariyar da suke kawo masa. Wani kaso na dukiyar da ta gina manyan gidaje da masallatai a garin nan daga wannan hanya ya fito, kuma ba wanda bai sani ba.

Ta ɗaya hannun kuma mai ne ke haurowa, ruwa-ruwa, wato man kwalba na bakin titi, saboda tallafin da Najeriya ta daɗe tana zubawa. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an kuma rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Duk rufewar ba ta hana kwalba tsayuwa a bakin titi ba, sai dai ta ƙara wa hanyar daji daraja. Abin da ya girgiza ruwa-ruwa shi ne jawabin Bola Tinubu na 29 ga Mayun 2023 da ya ce tallafi ya tafi. Abin da Pitt ya yi wa shayi ke nan, sai dai shi ya sauke farashin halas ne, wannan kuwa ya ɗaga na maƙwabci.

Soyayyar fa, tana ƙetare iyaka?

Uban yarinya a cikin labari ana nuna shi mugu ne kawai mai girman kai. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya, don tsoronsa na dukiya ne. A dokar Ingila ta wancan zamani, da an ɗaura aure kusan duk abin da mace ta mallaka ya koma hannun miji, kuma ba a gyara wannan sosai ba sai a 1882. Wanda ya sace zuciyar ƴar mai gona, gonar ya sace. Shi ya sa a 1753 majalisa ta yi dokar da ta ce wanda bai kai shekara 21 ba ba shi da aure sai da yardar iyaye. Dokar ba ta hau kan Sikotilan ba, inda shaidu biyu sun wadatar. Sai masoya suka riƙa gudu a keken doki zuwa Gretna Green, ƙauyen farko bayan iyaka, inda sau da yawa a maƙera ake ɗaura musu auren. Wato auren ma fasa-ƙwaurinsa aka koma yi, saboda doka iri biyu a gefen layi ɗaya.

Amma masu gudun nan ƙalilan ne. Hanyar da aka fi ƙetare aji da ita ita ce kuɗi. Basaraken da bashi ya ci gidansa yakan aura wa ɗansa ƴar attajiri, ba ya tambayar ko dukiyar ta shayin dare ce ko ta rake da gumin bayi. Mai jarin sumoga yana iya zama surukin mai gari. Ɗan dakon ganguna kuwa ko ƙofar gidan ba ya kaiwa.

Mu a nan matsalar dukiyar mace ba ta taso ba, tunda Musulunci ya bar mata sadakinta da gadonta. Namu shingen asali ne da sana'a: ɗan maƙera, ɗan mahauta, ɗan wanzamai, maroƙi, da wanda ake raɗa cewa kakansa bawa ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dacewar miji ana duba ta ne ta addini da hali da kuɓuta daga aibin da ke hana zaman aure, kuma Annabi (SAW) da kansa ya ba Faɗimatu bint Ƙais, Baƙuraisha, shawarar ta auri Usama ɗan Zaidu, wanda ubansa ƴantaccen bawa ne. Kowa ya ji wannan a wa'azi. Ranar neman aure kuwa wani littafin ake buɗewa.

Na taɓa raka wani yaron unguwarmu neman aure, ɗan ruwa-ruwa ne, ubansa mahauci. Yaro mai sallah, ya gina ɗaki biyu da guminsa. Muka zauna a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa har sau uku. Wan uban yarinyar ya gyara zama ya ce, "Malam, yaron nan ba mu san shi da wani mugun hali ba, Allah ya sani. Amma ka san ƙwarya ta bi ƙwarya." Bai ƙarasa karin maganar ba, ba kuma sai ya ƙarasa ba. Muka kwashi goronmu. Ba a yi shekara biyu ba ubangidan yaron, mai motocin da ke kawo man, wanda shi ma kowa ya san gidan da ya fito, ya auri ƴar wan yarinyar nan. A wannan zauren aka ɗaura, ban ji wanda ya ambaci ƙwarya ba.

In kuwa ana neman labarin so da ya yi karo da shingen asali da gaske, ba sai an je Ingila ba. Hadijatu Mani, daga yankin Ƙonni, an sayar da ita tana ƴar shekara 12. Da aka ba ta takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai wanda ya saye ta ya kai ƙara cewa matarsa ce, aka yanke mata wata shida a kurkuku. Sai a watan Oktoba na 2008 kotun ECOWAS ta ce ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta ba da umarnin a biya ta sefa miliyan 10.

Kayan da ba a ambata a cikin jirgin

Akwai wata sumogar teku da ta shafe mu kai tsaye, ita ce kuma ba ta shiga labaran soyayya. Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, Amurka ta hana shigo da su daga 1808, Birazil ta yi tata dokar a 1831 amma ba ta aiki da ita ba sai 1850. Hani ya ɗaga farashi, ɗan Adam ya zama kayan fasa-ƙwauri, aka shigar da dubban ɗaruruwa Birazil ta ɓoye a tsakanin shekarun nan. Jirgin Clotilda, wanda ya ɗebi mutum 110 daga Wida, a ƙasar Benin ta yau, ya kai Alabama ta Amurka a 1860, ƙona shi aka yi don a ɓatar da shaida, sai a 2019 aka tabbatar da gano ragowarsa.

Cikin waɗanda aka yi ta lodawa a farkon ƙarnin akwai Hausawa, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen jihadin da aka fara a 1804, yaƙe-yaƙen da suka haifi garin nan, kuma kowane ɓangare ya kama ya sayar. An gangara da su Ikko da Badagiri da Wida. A Bahiya ta Birazil Hausawa ne kan gaba a yunƙurin tawayen 1807 da 1809 da 1814, suna kuma cikin Musulmin da suka tashi a watan azumin 1835. Saboda haka in Bahaushe ya shiga jirgin ɗan sumoga a wancan zamani, ba a saman jirgi yake tsaye iska na kaɗa masa riga ba. Yana can ƙasa, a ɗaure.

To wa ke da gaskiya, kuma me ya shafi talaka?

Iyaye suna da hujja, ko da ba su san sunan Hawkhurst ba. Hanyar da ta ɗauki shinkafa da taliya ita ce ke ɗaukar taramol da harsashi, kuma mutanen Madarunfa da Gidan Runji sun san wanda ke sayen man da ke shiga daji. Malamai sun saɓa a kan kauce wa haraji, wasu na ganin yawancinsa zalunci ne, wasu na cewa bin dokar shugaba a kan maslahar jama'a wajibi ne, amma ba wanda ya halasta kai wa ɗan bindiga guzuri. Inda nake ganin iyaye suka kauce shi ne ɗora laifin a kan waya. Yaron da ya hau babur da jarka ba labari ya tura shi ba, rashin abin yi ne da bambancin farashi, kuma sau da yawa da kuɗin ake cefanen gidan da ake zaginsa.

Yaran ma suna da tasu, don shingen asali zalunci ne da addini bai san da shi ba. Kuskurensu shi ne zaton jarumta ce ke karya shi.

Ga talaka, abin dubawa farashi ne da aikin yi. Da man Najeriya ya yi tsada, ƴan ruwa-ruwa da yawa sun rasa abin yi, kowa ya koma gidan mai, matatar SORAZ ta Damagaram mai ganga 20,000 a rana ta kasa ɗaukar nauyin, har aka sha dogayen layuka a watan Maris na 2025. Sai a lokacin aka gane yawan tankunan da kwalba ke cikawa. Ga kuma layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021. In ya ƙarasa, mai babban jari zai loda tarago da takarda, shi ba abin da zai rage masa. Ƴan dako da masu babur da matan da ke sayar musu da abinci a bakin hanya su ne ba a ce komai a kansu ba tukuna.

Jiya da daddare ƴar ƙanwar tawa ta faɗo ɗakina ba ko sallama, fuska fal murna. "Kawu, an gama! Ashe ba ɗan masunta ba ne, ɗan wani babban basarake ne, tun yana jariri jirginsu ya nutse masunta suka tsince shi. Da zoben wuyansa aka gane shi. Uban nata da kansa ya ba shi ita."

Na ce, "To da ya tabbata ɗan masunta ne fa?"

Ta ɗan yi jim, tana juya wayar a hannu. Ta ce, "Da sun rataye shi mana, Kawu." Sannan ta tambaye ni ko zan ƙara mata ɗari biyar ta sa kati, don an fara sabo.